Likita Ya Ce Jijiyoyin Baba Sun Yi Tauri

Kurfi,
Lahadi, bayan azahar.

Zuwa ga Yaya Munzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tun kafin in cire murfin biro Gogo ta fara faɗa mini abin da zan rubuta, kuma har yanzu ba ta kai aya ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ta ce in gaishe ka da kyau, in gaishe da Mardiya da yara, in ce maka an yi kaka lafiya, gero ya yi kyau, dawa ce dai ta ɗan ba da kunya, tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu, kuma kowa a gidan nan yana nan lafiya lau. Ta maimaita lafiya lau ɗin, ta ce in rubuta shi da manyan baƙaƙe don kada hankalinka ya tashi a garin mutane. To, ga shi na rubuta, amana ta fita daga wuyana. Abin da zai biyo baya nawa ne, kuma ka san Gogo ba ta karanta boko.

Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a kasuwa, ya raya mana Sagiru da Hamdiyya, ya tsare ku daga ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Mu ma a Dutsin-Ma sai godiya. Abban Batula yana gaishe ka, Batula ta fara haƙora tana gwada su a kan kowa. Makaranta tana nan yadda ka san ta, ina koya wa 'yan mata yadda zuciya ke aiki, su kuma suna jiran a kaɗa ƙararrawa.

Na san za ka yi mamakin takarda alhali ga waya. Amma ka san abin da ake yi da kiranka a gidan nan. Da ya shigo sai a sa a sifika, a ɗora wayar a kan turmi, kowa ya matso, har matan maƙwabta su leƙo ta katanga su gaishe ka. Ka tambayi Baba jiki, ya ce ƙarfe ne, a yi dariya, a kashe. A irin wannan taro ba a faɗar gaskiya. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, zan ɗauki hoton shafukan in turo maka kai kaɗai. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka kira kowa.

Maganar a taƙaice ita ce, Baba ya daina shan maganin hawan jininsa, jiya da safe jikinsa ya nuna mana abin da ya tsorata ni, kuma ya rantse ranar Asabar mai zuwa sai ya shiga filin 'yan tauri a Birchi. Yanzu bari in faɗa maka yadda aka yi aka zo nan.

Ka ji rasuwar Baba Hudu na Birchi, aminin Baba tun suna samari, wanda suka sha maganin tauri a ƙwarya ɗaya. Abin da ba a gaya maka a waya ba shi ne yadda ya tafi. Ya fito daga bayan gida ne da buta a hannu ya faɗi. Da aka ɗaga shi, rabin jikinsa ba ya motsi, bakinsa ya karkace, ba ya iya haɗa kalma biyu. Mutanen gari suka ce aljanin bayan gida ne ya mare shi. Na yi mamakin haƙurin wannan aljani, da ya shekara saba'in yana kallon mutum yana shiga yana fita, sai da ya tsufa sannan ya tuna yana da hannu. Na raka Baba dubiya sau ɗaya. Mutumin da muke yara muke ɓuya bayan zanen Inna in ya yi kirari, shi ne kwance ana goge masa yawu da gefen mayafi. Baba ya zauna a gefensa ya yi ta yi masa kirarinsa a hankali, shi kuma yana kallonsa da ido ɗaya yana hawaye. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Tun daga ranar dubiyar nan na ƙudurta sai an sake duba Baba. Ka san dama ya kwana biyu da maganin, amma yana shansa ne yadda ake gaida surukin da ba a so, in an haɗu a hanya. Na ce masa za mu je Dutsin-Ma a auna idonsa a ba shi tabarau don karatun Alƙur'ani, da haka na samu ya shiga mota. Likitan da muka samu yaro ne mai hankali, daga jin harshensa Bakano ne. Ya auna jinin a hannu biyu, ya taɓa wuyan hannu, ya haska cikin ido, ya sa aka gwada fitsari. Lambar sama ta haura ɗari da tamanin, ta ƙasa kuwa tana nan wajen tamanin abinta. Ya ce mini wannan tazarar ita ce alamar da ake gani ga tsofaffi. Sannan ya juya ga Baba, kuma don girmamawa ya ajiye Turanci gefe, ya nemi Hausa tsantsa don tsoho ya gane. Ya ce masa jijiyoyin jininsa sun yi tauri.

Yaya, da ka ga fuskar Baba. Ya gyara zama, ya ce likita ya maimaita. Ya maimaita. Ya tambaye shi a ina da ina ne taurin, likita ya ce ai ko'ina, daga ƙafa har cikin kai. Ya tambaya ko na'ura ce ta nuna, likita ya ce awon ne ya nuna. Ya tambaya tun yaushe, likita ya ce irin wannan ba a kwana ɗaya yake faruwa ba, shekaru ne masu yawa. Baba ya ce wannan gaskiya ne, shi zai iya faɗa masa ranar ma, da gindin bishiyar da aka yi abin, da sunan wanda ya dama maganin. Likita ya ɗauka raha ce irin ta tsofaffi, ya yi dariya, ya ci gaba da bayanin gishiri da kanwa da magi. Ni ina ta ƙoƙarin sa baki, Baba ya ɗaga mini hannu ya ce in bar manya su yi magana. Da za mu fito ya kama hannun likitan da hannu biyu ya sa masa albarka, ya ce tunda yake bai taɓa jin boko ya faɗi gaskiya ba sai yau. Tabarau kuwa ko tambayarsa bai yi ba.

Kafin magariba labari ya zaga Kurfi. A majalisar ƙofar gida an ji cewa na'urar Bature ta leƙa cikin Alhaji Manu ta ga tauri har cikin ƙwaƙwalwa, likita ya tsorata ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Samarin 'yan sa-kai suka fara zuwa gaisuwa suna durƙusawa, wai a taimaka musu da abin da aka sha. Kwalin maganin kuma ya koma kan taga, rana tana dukansa. Baba ya ce likita da bakinsa ya shaida maganin gida ya kama, to na me zai riƙa haɗa shi da ƙwayar da za ta tsinka shi.

Bari in yi maka bayanin kamar yadda nake yi wa 'yan aji biyar, tunda kai a aji uku ka ajiye littafi ka bi shanu kudu. Jijiyar jini ba bututu ba ne kawai da jini ke bi. Tana da laushi, kuma laushin nan shi ne aikinta. Duk lokacin da zuciya ta buga, jijiyar takan buɗe ta karɓi jinin, sannan ta koma ta tura shi gaba a hankali, ta rage masa ƙarfi kafin ya isa inda za shi. Da shekaru suka yi ta tafiya, zaren da ke ba ta wannan laushi yakan gaji, kamar robar wandon da aka daɗe ana wankewa ana shanyawa. Wannan kowa zai same shi in ya yi tsawon rai, da mai tauri da marar tauri. Amma hawan jini yana gaggauta abin. Kowane bugu yana dukan bangon jijiyar da ƙarfin da ya wuce kima, santsin da ke cikinta ya ƙurje, kitse ya samu wurin maƙalewa, bangon ya yi kauri, hanya ta matse. Da ta matse ta sandare, sai zuciya ta ƙara ƙarfin turi, jinin ya ƙara hawa, jijiyar ta ƙara sandarewa. Haka suke yi wa juna, shekara da shekaru. Dukan da ya kamata manyan jijiyoyi su tausasa, sai ya wuce da ƙarfinsa ya isa ga ƙanana, waɗanda ke cikin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido, wasu ba su kai kaurin gashi ba. Wata rana ɗaya ta fashe, ko ta toshe. Abin da ya kayar da Baba Hudu ke nan. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne duk wannan aiki ana yinsa ba tare da ciwo ba. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci, in ka tambaye shi ya ce lafiya lau, kuma ba ƙarya yake ba, iyakar abin da ya sani ke nan.

Na gwada wannan bayani a kan Baba. Na ga in na yi masa da baki zai ce karatu nake, sai na shiga bayan rumbu na ciro tsohon tiyon nan da yake ban-ruwa da shi lokacin da yake noman rani a wajen Zobe. Na aro sabo a gidan Misbahu maƙwabcinmu. Na lanƙwasa sabon a gabansa, ya lanƙwasu ya koma. Na lanƙwasa tsohon, ya yi ƙara ya tsage. Na ce masa wannan shi ne taurin da likita ke nufi, ba na fata ba. Ni kaina na ji daɗin darasin, da a aji ne da an tafa mini. Baba ya kalle ni da haƙuri har na gama. Sannan ya ɗauki sandarsa ya taka zuwa famfon ƙofar gida, ya ƙwanƙwasa bututun ƙarfen, ya tambaye ni yaushe na taɓa ganin wannan ya tsage. Ya ce nasa jijiyoyin irin wannan ne, nawa ne na roba. Ya tambaya ko abin da aka shekara huɗu ana koya mini a jami'a ke nan, karya wa mutane tiyo. Ya ce in mayar masa da abinsa inda na ɗauko, har yanzu yana ɗaure akuya. 'Yan majalisa suka kwashe da dariya, ni da digirina muka koma cikin gida.

Gogo ce daga baya ta gaya mini wani abu, muna tankaɗe, murya ƙasa ƙasa. Ta ce ba taurin ne kaɗai ba. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin tana sa shi yawan fitsari. Ka san Baba da sahun farko, kuma ka san yadda yake alfahari da cewa da alwala ɗaya yake sallar magariba da isha'i. To da ya fara shan maganin sai ya zama dole ya tashi ana tsakiyar karatu, ya ratsa sahu yana ba yara haƙuri. Ta ce wata rana ya dawo daga masallaci ya shige ɗaki kai tsaye, can ta gan shi a bayan ɗakin yana wanke wandonsa da kansa. Tun rasuwar Inna ita ke masa wanki, bai taɓa taɓa sabulu ba. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Da na ji wannan sai na daina yi wa maganar tiyo dariya. Ina jin kalmar likitan nan ta zo masa ne a daidai lokacin da yake neman abin da zai riƙe. Na tambayi likita, ya ce wannan abu ne mai sauƙi, ana iya canza ƙwayar ko a gyara lokacin shanta. Amma sai Baba ya zauna gaban yaron da ya yi jika da shi ya faɗi abin da ya faru, kuma ka san wanda muke magana a kansa.

Yanzu ga abin da ya faru jiya. Na zo hutun ƙarshen mako kamar kullum. Da safe muna tsakar gida yana shan koko, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu ya kife a kan tabarma. Ya buɗe baki zai yi wa Gogo magana, maganar ta fito kamar ya cika baki da tuwo. Na dubi fuskarsa, gefen bakin na hagu ya sauka. Yaya, fuskar Baba Hudu na gani. Ban san lokacin da na fita ba takalmi ina buga ƙofar Misbahu ya fito da mota ba. Kafin mu dawo, ga Baba zaune ya miƙe fuska, yana faɗa a kan wanda ya bar awaki suka shiga rumfa. Ya dube ni yana murmushi, ya tambaye ni ko na gani da idona. Ya ce abin da ya kayar da Hudu ne ya zo, ya sara, ya ga ba wurin shiga, ya koma. Gogo ta yi hamdala, ta ce a dama wani kokon.

Na kira likita nan take. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce wani ɗan gudan jini ne ya toshe hanya a cikin ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci sannan ya wuce, kuma wannan gargaɗi ne. Ya ce kwanakin da ke biyo bayan irin wannan su ne mafi haɗari, sau da yawa babban yana biyo ƙaramin. Ya ce in kawo shi yau, ba gobe ba. Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa, har da kuka, ni da ka sani ba na kuka a gaban mutane. Ya dafa kaina ya ce in kwantar da hankalina, zai je, har zakara zai kai wa yaron kirki. Amma sai bayan gangi.

Gangin na Baba Hudu ne. Ka san al'adarsu, in babban ɗan tauri ya rasu sai an taru an yi masa wasa. An sa ranar Asabar a Birchi, ana sa ran mutane daga Ɗantutture da Dabawa da ƙauyukan da ke kewaye. A cikin sa'o'insu Baba kaɗai ya rage, don haka shi zai buɗe fili. Makaɗin ya aiko masa cewa ya ɗaure sabuwar fata saboda shi. Rabon Baba da shiga fili tun kafin ya je Hajji, amma ya ce wannan ba wasa ba ne, sallama ce da amini, kuma in bai shiga ba za a ce Hudu ya mutu ba shi da kowa. Kai ka fi ni sanin yadda yake in an taɓa masa gangi aka kira kirarinsa. Ina tuna ina yarinya a kan kafaɗarka, ina kallonsa yana tsuma, idanu jajur, jijiyoyin wuyansa sun miƙe kamar igiya, yana goga wuƙa a ciki tana lanƙwashewa. A lokacin ina jin ba wanda ya kai ni uba. Yanzu in na tuna jijiyoyin nan, abin da nake koyarwa a allo nake gani. Ka haɗa tsakar rana, da kiɗa, da tsuma, da jinin da ya haura ɗari da tamanin yana zaune a kujera, da tsohon da jiya jiya bakinsa ya karkace. In ya faɗi a Birchi, asibitin da zai iya ɗaukar hoton kai yana Katsina, kuma ka san yadda hanyoyinmu suke in rana ta yi sanyi.

Kada ka ce ban nemi manya ba. Na je wurin Liman, ya zo har gida ya yi masa nasiha mai kyau a kan neman magani. Baba ya saurara, ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya ce Liman mutumin kirki ne, amma mai ciwon suga ne, kuma tun suna yara yake tsoron ƙadangare. Gogo kuwa tana goyon bayan duk wanda ya yi magana a ƙarshe. Na yi tunanin daka ƙwayar in zuba masa a fura, likita ya ce in kiyaye, yanzu abin ya wuce ƙwaya ɗaya, sai an gan shi an sake awo. Ni kuma maganata ta riga ta ƙare a wurinsa. Duk abin da ya fito daga bakina boko ne, kuma na mace.

Saura kai. Kuma a nan ne za ka ji haushina, na sani.

Duk lokacin da aka matsa masa, da kai yake kafa hujja. Yakan ce ƙwaya ta mata ce da 'yan boko da irin su Liman. Yakan ce jininsa da naka ɗaya ne, shi ya ba ka maganin da hannunsa kana ɗan yaro, ga ka can kana kayar da bijimi kai kaɗai, ba ka san ƙofar asibiti ba. In ya faɗi haka sai in sunkuyar da kai, don na san abin da bai sani ba. Mardiya ta gaya mini da Babbar Sallah. Kada ka yi mata faɗa, tsoro ne ya sa ta, kuma ni na matsa mata da na ga kullum da safe sai ka fita ka zauna a mota kai kaɗai da ruwan leda. Na san tun bara waccan kake shan maganin hawan jini, na san jiri ne ya kayar da kai a kara, cikin shanu, aka kai ka asibiti, na kuma san ka hana a gaya wa Baba. Ban ga laifinka ba. Amma yanzu wannan ɓoyon shi ne bangon da ya jingina da shi.

Abin da nake roƙonka shi ne ka kira shi ta bidiyo, yau in da hali. Ka ce wa Gogo ta kai masa wayar ɗakinsa, ba kan turmi ba. Ka ɗauko kwalin maganinka ka nuna masa, ka haɗiye ɗaya yana kallo. Kada ka ce masa tauri ƙarya ne, ba abin da nake nema ke nan ba, kuma a shekarunsa ba wanda ke da haƙƙin ƙwace masa wannan. Ka ce masa nasa taurin na fata ne, an yi shi don ƙarfen da ke zuwa daga waje, wannan kuwa daga ciki yake, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Na faɗa masa haka da kaina, amma daga bakinka wata magana ce daban, kai ka sha abin da ya sha. Ka ce ya bi ni asibiti gobe. In ya nace sai ya je Birchi, kuma likita ya yarda, to ya je ya zauna a inuwa a kan kujera, a kawo masa wuƙar ya sa mata albarka, ya miƙa wa wani yaro ya shiga a madadinsa. Ba wanda zai ce Hudu ba shi da kowa.

Na san abin da nake nema ka bayar. Shekara arba'in da biyar yana nuna ka da baki a majalisa, kuma bayan wannan kiran zai dube ka da wani ido daban. Na auna wannan tun jiya. Na gwammace ya dube ka da kowane irin ido, in dai da fuska madaidaiciya zai dube ka, kuma in ya tashi yi maka faɗa mu ji abin da yake cewa.

Kai ma kada ka yi wasa da naka. Jijiyoyinka yanzu suke kan hanyar da nasa suka bi, bambancin kawai kai an tare ka da wuri. Ka rage gishiri da kilishin nan da kake ci kamar za a hana, ka riƙa zuwa awo ko ba ka jin komai.

Gogo ta gama gyaɗarta, tana tambaya me nake ta rubutawa haka, ko lafiya lau ɗin ne ya yi tsawo. Na ce mata ina yi masa bayani ne. Zan tashi in kama mota tun da sauran rana. Gobe da sassafe zan ga likita in nemi izini a makaranta, in dawo da Abban Batula da mota, ko Baba zai shiga ko ba zai shiga ba. Na bar wa Misbahu amana ya kwana da makullin motarsa a aljihu da wayarsa a kunne.

Ka gaishe mini da Mardiya, ka ce mata ta yafe mini. Ka gaishe da Sagiru, ka ce na ji ya sauke izu biyar, Allah ya sa albarka. Ka shafa mini kan Hamdiyya. Ka gaida Kawu Maniru da mutanen gidansa, da duk 'yan Kurfi da ke tare da ku a kara. Gogo ta ce a ƙara gaishe ka, kuma kada ka manta da man zafin da ka yi mata alkawari. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa mu ji alheri, ya haɗa fuskokinmu cikin farin ciki.

Ƙanwarka,
Raihana Manu Kurfi.

Ƙari. Ina rubuta wannan a tasha, a kan cinyata, motar ba ta cika ba. Da na gama takardar na je yi wa Baba sallama. Ƙofarsa a buɗe take kaɗan. Yana zaune a kan buzu, ya fito da kayan nan da ke ƙarƙashin gado, da warki da layu da wuƙaƙe, ya jera su a gabansa. Yana ƙoƙarin zare babbar daga kubenta. Ya riƙe kuben da hannun hagu ya ja da dama, kuben ya zame ya biyo wuƙar. Ya sake, ya sake zamewa. Sai ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa ya zare. A nan ya ɗago ya gan ni. Na durƙusa na ce zan tafi, ya sa mini albarka, ya ce in gaida jikarsa. Har na miƙe, sai ya tambaye ni, yana kallon wuƙar ba ni ba, ko shi ma Hudu likita ya ce nasa sun yi tauri. Na ce Baba Hudu ba a taɓa auna shi ba. Can ya ce Munzali ya kwana biyu bai kira ba. Sannan ya ce in ja masa ƙofa. Na ja. Ina tsakar gida na ji ya sa sakata, abin da ban taɓa jin ya yi da rana ba. Na ɗauki jakata na fito.